Littattafan da aka ƙona wa Ummi a Karantina

Bana shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Rabi, wadda muke kira Ummi. Karantina, unguwarmu ta nan ƙasar Larabawa da ta rasu a cikinta, ma an rushe ta, amma raina bai huce ba.

Ummi aikatau take yi a gidan wani injiniya ɗan Japan. Suna da 'ya ɗaya mai ciwon asma, Ummi ce ke goyonta. Idan ciwon ya tashi, uwar takan ɗauko littattafan yara na ƙasarsu, masu zane, ta karanta mata. Ummi ba ta iya karatu ba, sai matar ta riƙa fassara mata da gurgun Larabcinta. Da aikinsu ya ƙare za su koma gida, ta ba ta guda bakwai.

Akwai labarin kunkurun da ke kwashe tarin yara a ƙwarya ya kai teku. Akwai na wata tsohuwar bishiya da ke sunkuyo da reshenta ta taga tana yi wa mara lafiya fifita. Abin da ya kama zuciyar Ummi shi ne, a labaran babu mai warkewa farat ɗaya. Sai wani ya zauna kusa da mara lafiya, ya dama masa kunu, ya jira.

Haka ta mayar da su Hausa. Duk gidan da yaro ya kwanta da ƙyanda ko zazzaɓi, a aiko mata. Ta je da littafi da tsumma mai sanyi, ta ce, "Yalla, maza buɗe baki ka sha, kunkuru na jira." Yaran da suka ƙi magani a hannun iyayensu suna sha a nata. Ba ta taɓa cewa labari na warkarwa ba, ita ce ma ke matsa wa iyaye su tafi mustashfa, wato asibiti.

Sai wata yarinyar maƙwabta ta rasu, kwana biyu bayan Ummi ta zauna da ita. A wajen zaman makoki aka fara raɗa cewa zanen aljanu ne a littattafan. Kafin sati ya zagayo, matan da ta yi jinyar 'ya'yansu sun daina amsa mata sallama. Yayana Usman, wanda a lokacin yake neman aure a unguwar, shi ya shigo ya kwashe littattafan daga cikin akwatinta.

Ummi ta ce, "Usman, ka san babu komai a cikinsu. Da su na yi jinyarka."

Ya ce, "Na sani, Ummi. Amma mutane na magana. Halas, shi ke nan."

A ƙofar gida ya cinna musu wuta, don kowa ya gani. Wannan "na sani" ce ta fi yi mini ciwo.

Shekara ta gaba tarin tibi ya kama ta. Wata biyar tana kwance, ni kaɗai a kanta, ina da shekara goma sha tara. Babu wadda ta leƙo. Usman yakan tsaya daga bakin ƙofa ya tambayi jiki, ya juya. Ranar jana'iza kuwa gidan ya cika, ana ta yabon kirkinta.

Yau jikokin waɗancan matan na kallon zane-zanen Japan a waya daga safe har yamma, babu mai cewa aljanu. Ina tambayar kaina me Ummi za ta ce. Ina jin dariya kawai za ta yi, ta tambaya ko akwai mai zama kusa da yaron idan ya kwanta. Ni ce mai riƙo, ba ita ba.

Da aka rushe unguwarmu, Usman ya rasa wurin zama, ga shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu yana ɗakin baƙina a unguwar Aziziyya. Har yau bai ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na yafe ba. Amma kullum da safe nakan tallafo kansa in ba shi magani, in goge masa baki, in zauna har ya haɗiye. Abin da Ummi ta bar mini ke nan, kuma wani lokacin har haushinta nake ji, don ta hana ni iya tashi in bar shi.