Daddawar Inna a Bakin Bututu

Ni dai tun farko ban ga dalilin da zai sa mai hankali, yana zaune a Funtua, ya ajiye injin busar da kaya a gidansa ba. Ranar da ke busar da masarar gari guda ita ce za ta kasa busar da singileti? Amma shekarar da matata ta haifi tagwaye damina ta yi nauyi, ruwa ba ƙaƙƙautawa, nafkin da zannuwan goyo suka cika igiya har suka hau kan ƙofofi. Sai yayanta da ke Kaduna ya aiko mana da tsohon injinsu. Aka ajiye shi a lungun kicin, aka fasa bango aka fitar da wani ƙaton bututu ta baya don iska mai zafi ta riƙa fita. In an kawo wuta a kunna, in ba a kawo ba in tayar da babban janareto ina ƙunƙuni.

A wannan daminar ce kuma na ɗauko mahaifiyata daga Gozaki. Hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida, ta daɗe a kwance kafin maƙwabta su gan ta. Likita ya ce kada ta sake zama ita kaɗai, kuma magani safe da yamma ba fashi. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni, shi ma da sharaɗi: za ta gwada zama zuwa kaka, in bai yi mata ba ta koma ɗakinta. Na san Inna. In ta koma, ƙwayoyin nan a ƙasan kwalla za su tsufa, wata rana kuma a kira ni a waya. Don haka kowa a gidan ya shiga lallaɓa ta, ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Ashe abin da ya fi ci mata rai ke nan. Macen da ta yi rayuwarta tana daddawa tana kaiwa kasuwa, sai ga ta zaune a kan kujera tana kallon bango.

Da ta nemi a sayo mata kalwa, da gudu na sayo. Aka ba ta filin bayan kicin ta kafa murhunta. Ni kuma na yi sallama da wannan gefen gida, don tun ina yaro ina son daddawa a miya amma na tsani warinta lokacin da take ruɓa. Inna ta warware, har tana tsokanar tagwaye. Miyar kukar gidanmu ta yi daɗin da na manta da irinsa. Har maƙwabta aka riƙa aika wa daddawa.

Sai injin ya fara iskanci. Kayan da ke bushewa kafin a gama girki suka koma sai an juya su an sake juyawa, su fito da zafi kamar daga tukunya amma a jiƙe. Samansa ya riƙa ɗaukar zafin da ba a iya ɗora hannu. Sannan wari. Wani irin wari mai maƙalewa a maƙogwaro, kamar an jiƙa tsohon takalmi an manta da shi. Wata Juma'a na sa farar shaddata na shiga sahu, dattijon da ke damana ya shaƙa, ya dube ni, ya ɗan matsa. Na kusa nutsewa don kunya, kuma na dawo gida ina ta faɗa.

Na zargi janareto. Na zargi sabulu. Na ce ɓera ne ya mutu a ciki, muka jawo injin muka leƙa ƙarƙashinsa, ba ɓera sai ƙura da bawon gyaɗa. Matata ta wanke cikinsa tas, har turaren wuta ta yi masa kamar ɗakin amarya. Warin ya haɗu da turaren ya zama wani abu daban da ba shi da suna. Ƙarshe dai wata safiya injin ya yi shiru, ko motsi.

Na kira wani mai gyaran firij da ke bakin tasha. Ya zaro wata 'yar rariya daga bakin ƙofar injin, wadda ba wanda ya san da ita a gidan. Ita ce ke tare ƙurar zaren da ke fita daga tufafi, amma ta yage, don haka duk abin da ya kakkaɓo daga kayanmu bututu yake bi. Ya kwance bayan injin ya nuna mini fis ɗin da zafi ya ƙone.

"Alhaji, iska ba ta fita ne," ya ce. "Ina bututun nan ya ɓulla?"

Muka zagaya bayan kicin. Bakin bututun ba ya ganuwa. An jingina masa kwando, an lulluɓe kwandon da bututun gaba ɗaya da buhuna da tsohon bargo, an danne da duwatsu. Ban buƙaci a yi mini bayani ba. Dafaffiyar kalwa sai da ɗumi take nuna, damina kuwa ta zo da sanyi. Inna ta ji iska mai ɗumi tana fita a banza, ita kuma ba ta taɓa ganin abu yana tafiya a banza ta ƙyale shi ba.

Mai gyara ya ɗaga bargon. Wallahi sai da na toshe hanci. Kalwar ta yi yauƙi kamar yadda ake so, amma samanta duk ya rufe da wani gashi-gashi mai toka-toka, jiƙaƙƙe. Ƙurar nafkin ɗin tagwaye ce, da ta safata, da ta kamfan kowa da kowa. Da ya girgiza bututun sai ga wani curi ya faɗo, baƙi, yana ɗiga, kyankyasai suna watsewa daga cikinsa, tsutsotsi suna motsi. Shi kansa ya juya ya tofar da yawu. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne kwanukan tuwon da na share ina lashe yatsa, da daddawar da aka kai gidan liman.

"Mi ya faru kuka buɗe mini abu iska na shiga?"

Inna ce a bayanmu, da carbi a hannu. Na ce cikin ladabi, "Inna, bututun nan ƙazantar tufafi yake fitarwa. Ga shi duk ta zuba a ciki."

Ta leƙa. "Wannan ɗin? Ai kwashe shi nike in yar kafin in daka." Ta dube ni sosai. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Kai wannan, da daddawar nan na yi maka kuɗin makaranta. Yau ita ce ƙazanta?"

"Ban ce ba, Inna."

"Fuskarka ta ce."

Ta shige ɗaki. Mai gyara ya sa sabon fis da sabuwar rariya, ya wanke bututun ya ɗaga bakinsa sama kusa da rufi inda hannu ba ya kaiwa. Injin ya tashi lafiya lau, ko a jikinsa. Matata ta kwashe daddawar da ke kicin ta zubar a ɓoye. Can sai ta zo ta raɗa mini cewa Inna tana ninke zannuwanta tana sawa a jaka.

Da yamma Inna ta fito ta ce yau ita za ta yi miya, kuma ba wanda ya isa ya hana. Ashe tana da ragowar daddawa a ɗakinta. Ina zaune ina jin ƙarar turminta. Ta kawo kwanon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta, ta ajiye a gabana, ta ja tabarma ta zauna. Ta zuba mini ido.

Na buɗe. Miyar ta yi kyau, wannan ne ma abin haushin. Na dubi kowane ɗan baƙin abu da ke yawo a cikinta ina tambayar kaina ko barkono ne ko safa. Har yau ina nan a kan bakana, abin nan ƙazanta ne, kuma ba likitan da zai ce in ci. Amma ta ƙofar ɗakinta ina hango jakar a kan gado, an zuge ta.

Na yi bisimilla na kai loma. Ta tsaya a wuya, na tura ta da ruwa. Na kai ta biyu. Gumi ya karyo mini, idona ya kawo ruwa, na ce yaji ne. Haka na bi tuwon nan har na ga ƙasan kwano, na sa yatsa na suɗe gefensa tana kallo.

Inna ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa. Ba ta dube ni ba, matata ta kira.

"Ke, uwar biyu. In an samu mai zuwa Gozaki, a ce ya taho mini da babbar tukunyata da buhun kalwar da ke cikin rumbu. Wannan 'yar tukunyar taku ba ta isata."

Na ce to, Allah ya kai mu. Sannan na tashi a natse, na zagaya inda ba za ta ji ni ba.