Moto a Zaure, Hatsi a Rumbu

A ƙarshen zamanin Faransa, lokacin da kwamandan Bature ke zaune a barikin Dakoro, wani Alhaji ɗan kasuwar Maradi ya sauke sabon moto, wato babur, daga kamyo, babbar motar kaya, a ƙofar gidanmu. Baƙi ne wuluk, yana ta sheƙi, ga ƙaton ido guda a goshi. Ba saye muka yi ba. Ajiya ce, in ji Alhajin, maigidana ya dube shi a tsanake har kasuwa ta zagayo, in ya kwanta masa a rai sai a ƙulla ciniki. Ni kuwa tun da na ji abin da yake nema gabana ya faɗi. Ba kuɗi yake so ba. Hatsi yake so, hatsin babban rumbunmu.

Yaran yanzu ba su san nauyin wannan magana ba. A wurinmu in an gama kaka, maigida kan jera dammunan gandu a babban rumbu ya kifa masa jinka, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Duk tsawon rani daga ƙaramin rumbuna muke ci, hatsin gamanata, ƴar gonar da nake nomawa da hannuna, sai ɗan abin da maigida ya samo a kasuwa. Babban rumbu na damina ne, lokacin da aiki ya yi yawa, hatsi ya yi tsada, kowa ya ɓoye nasa. Kuma mace ba ta leƙa shi. Ba ta hawa, ba ta ɗaga jinka, ba ta tambayar abin da ya saura. Haka na tarar da uwata, haka na tarar da uwar mijina. In ka tambayi dalili a ce idon mace yana korar albarka. Ban taɓa yarda da wannan ba, amma ban taɓa leƙawa ba.

Mu ba masu yawa ba ne a gidan. Ni, da maigida, da Inna mahaifiyarsa, da yara ƙanana, ta ƙarshensu tana bayana. A kakar da ta wuce aka haife ta, ina ɗaki ina jego aka kwaso amfanin gandu. Da na tambayi maigida yadda gona ta yi, cewa ya yi an gode Allah, na ce madalla.

Sana'arsa sayen fata da man shanu. Yakan bi Fulani da Buzaye bakin rijiyoyi a kan raƙuminsa, ya kai kayan Sabon Maci ko Mai Yara. Mutum ne mai riƙon hannu, wanda takalminsa kan tsinke ya ɗinke ya sake ɗinkewa har ni in ji kunya a madadinsa. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Da wani mai son a san shi ne, da na ce halinsa ne. Amma wannan bawan Allah da ko goro sai ya raba biyu ya ajiye rabi, shi ne zai ɗauki abincin daminarmu ya ba da a kan ƙarfe?

Kafin Alhajin ya tafi ya ce a nuna masa hatsin. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ga an jingina tsani, baƙo ya tattare babbar riga ya hau, ya ɗaga jinka ya zura kai. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Mutumin da ko ruwan gidan bai gama sha ba ya ga abin da ni mai dakawa ban gani ba. Ya daɗe a sama, sannan ya sauko yana kaɗe hannu.

"Sai ka ƙara da raƙumin," ya ce.

Na jira maigida ya yi dariya ya sallame shi. Sai na ji ya ce zai yi shawara. A raina na ce wannan Alhaji bai da tsoron Allah, rumbu guda cike bai ishe shi ba.

Aka tura moton cikin zaure aka lulluɓe shi da tabarma. Daga ranar gidanmu ya zama kasuwa. Kowa ya zo ya ɗaga tabarma, ya shafa, ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Masu cewa a saya su ne waɗanda ko jaki ba su da shi. Ni kuwa duk wanda ya yi sallama sai na kai ruwa, in dawo bayan zana in kasa kunne. Warin esansi, man da moton ke sha, ya cika gidan, har a hura nake jin sa.

Mutum ɗaya na ji maganarsa ta yi mini daɗi, shofer ɗin kwamandan, mai tuƙa masa mota. Ya ce esansi sai daga Maradi, a gangar da kamyo ke kawowa in ya ga dama. Ya ce in wani abu ya lalace ba mai gyara a garin nan sai shi, shi ma in an rufe bariki. Ya ce rairayin ƙasarmu yana kayar da mota mai ƙafa huɗu, balle mai biyu. Har na fara sa masa albarka a zuci, sai na ji ya ƙara da cewa amma fa wanda ya iya shi zai ci kasuwa uku kafin mai raƙumi ya ci ɗaya, ya riga kowa jin farashi, ya riga kowa isa rijiya. Kuma shi ne ya ɗauki maigida zuwa filin bayan bariki ya koya masa hawa. Na janye albarkata.

Da hannunsa ya ɗan faɗa, wata safiya maigida ya ce zai gwada hanyar Adjekoria. Na tsaya a bakin zaure da goyo ina kallo. Ya taka, abin ya yi tari ya mutu. Ya sake takawa, ya ɗauka da wata ƙara da ta sa awakin unguwa tsinke igiya. Ba zan ɓoye ba, addu'a na yi ta yi rairayi ya riƙe shi. Ba in ya ji ciwo ba, a'a, ya dai tura shi da ƙafa cikin rana har ya tsane shi.

Ko azahar ba a kira ba ya dawo. Fatu a ɗaure a baya, ƙaurinsa ya ƙone inda ya taɓa bututun hayaƙi, wandonsa ya yage, amma fuskarsa kamar an yi masa albishir. Tafiyar da kan cinye masa yini har da kwana. Na kawo man shanu ina shafa masa a ƙunar.

"Kin gani?" ya ce. "Sau biyu ya kashe ni ƙasa, amma na tahi na komo."

"Na gani, Malam. Shi kau mi yake ci? Dussa?"

Na danna ƙunar fiye da yadda ya kamata, ya janye ƙafa.

Na ga ba ni da wurin kai kuka sai Inna. Na same ta a inuwar ɗakinta tana kaɗi. Ita ta ga yunwar da ta kore su daga arewa suna yara, takan ba mu labarin yadda suka haƙa gidan tururuwa suna neman tsaba. Na tabbata in ta buɗe baki sau ɗaya magana ta ƙare.

"Inna, kina ji kina gani za a kwashe hatsin damina?"

Ba ta ɗago ba. "Rumbu na maza ne, ɗiyata."

"Cikin da za shi kwana da yunwa hwa? Shi ma na maza ne?"

"Ki yi hanƙuri. Ɗana ba mahaukaci ba ne."

"To mi ya same shi?"

Ta tsayar da mazari ta dube ni, kamar za ta faɗi wani abu, sai ta ci gaba da kaɗinta. Na tashi raina a ɓace. Kwanakin da suka rage ni da maigida sai gaisuwa. In na ajiye masa tuwo in ajiye da ƙarfi, shi kuma ya ci ya tashi. Na lura yana ramewa, na ce son moto ne ke cin sa.

Ranar kasuwa da hantsi na ji kukan jakuna a waje. Na leƙa ta zana, sai ga mutanen Alhaji da jakai da igiyoyi, shi kansa yana zaune a dakali yana jan carbi. Maigida ya shigo ya ɗauki tsani ya nufi rumbu. Ban san lokacin da na ajiye taɓarya ba. Na riga shi isa, na tsaya na ba rumbun baya.

"Kauce," ya ce, a hankali don kada a ji a waje.

"Ba ni kaucewa."

"Mutane na jirana."

"Su jira. Malam, tun da aka kawo ni gidan ga ban taɓa sa baki cikin cinikinka ba. Amma yau sai ka hwaɗa mini abin da zan zuba ma yaran ga in ruwa ya sauka. In raƙumi ne, naka ne, ka ba da. Hatsin ga kau da bakinmu ciki."

Muryata ta fi yadda na so tashi. Na san Alhaji ya ji, na san Inna ta ji. Na ga jijiyar wuyan maigida ta miƙe, na ce yau ko duka ko saki, ɗaya zan samu. Amma ban gusa ba.

Sai ya jingina tsanin a gefena ya riƙe ƙasansa da hannu biyu.

"Hau," ya ce.

Na ɗauka gatse ne. "In hau ina?"

"Hau ki duba. Ni na ce."

Na waiga wajen Inna. Ta juya fuska ga bango. Na gyara goyo, na kama tsani na hau. Na sa kafaɗa na ture jinka. Ƙamshin hatsi ya bugo ni, amma inda na sa ran ganin zangarniya dab da baki, duhu na gani. Sai da idona ya saba na hango dammunan can ƙasa. Ko rabi bai kai ba. Ni mai daka ce, ba na bukatar a auna mini. Abin da ke ciki ba zai kai mu ko fitar kan gero ba, balle kaka.

Na sauko a hankali. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Tsutsa ta shiga zangarniya," ya ce. "Kina jego, ban so nononki ya ɗauke ba. Na ce in rani ya yi zan cike da kasuwa, kasuwa kau ba ta ba da ba. In na bar shi, ba ya kai mu. In na ba da shi na amshi wanga abu, wataƙila in riƙa samo na kullum. Wataƙila kuma ya lalace a daji mu rasa duka. Na auna na auna, na kasa. Tun da kin gani, sai ki hwaɗi naki."

Haushin da na tara duk ya zube, tausayi da tsoro suka maye wurin. Tun kaka mutumin nan yake ɗauke da wannan shi kaɗai, ni ina buga masa akushi. Kuma na ga gaskiyarsa, moton ba wauta ba ne. Na ga fatun da ya kawo kafin azahar. Sai dai na tuna gangar esansi da ke zuwa in ta ga dama, da ƙunar ƙafarsa da ba ta warke ba. In ya faɗi a daji ya karye, ba raƙumi, ba hatsi, ba shi. Ɗan abin da ke rumbun dai ina iya ja masa rai. Na san ganyen da ake ci, na san yadda ake sa tuwo ya zama kunu.

A waje Alhaji ya yi gyaran murya.

"A mai da mishi abinshi," na ce. "Rufe rumbun. Nawa ƙaramin zan ja shi har bayan shuka, kada a buɗe wanga da wuri."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Malam. Amma rufe."

Ya hau ya mayar da jinka. Ya fita, na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sannan na ji jakuna sun juya. Da la'asar aka tura moton zuwa gidan wani mai kanti, shi ya saye shi. Ya yi arziki da shi kuwa, shekaru yana wuce ƙofar gidanmu da ƙara, maigida yana ɗaure wa raƙumi kaya bai ɗaga kai ba. Har yau ban san ko daidai na zaɓa ba.

Washegari na shiga ƙaramin rumbuna na ɗebo na yini. Da na sussuke na auna, na sa hannu na rage, na sake ragewa. Hurar ranar ta yi ruwa. Babban ɗana ya kurɓa ya dube ni.

"Hatsi ya ƙare ne?"

Ubansa yana zaune a gefe da ludayi a hannu, ya tsaya bai kai baki ba.

Na nuna wa yaron babban rumbu da haɓa. "Ba ka gan shi ba? Cike yake. Sha ka ba ƙanenka."