Tamba Tela da Likkafanin Ɗan Sarki

Shekara ashirin da biyu Tamba yana ɗinka kayan wasan tarihin da ake yi a Argungu duk bayan girbin shinkafa, wasan sarkin Kabi da aka kashe wa ɗa a fagen yaƙi. Shagonsa na bayan tasha, keken ɗinki ɗaya, bai yi boko ba. Shi ne kuma mai riƙe gaban makara idan an ɗauko gawar ɗan sarki.

Ɗana Maliki ya yi ɗan sarkin sau huɗu. A dandali, Tamba bai taɓa naɗe shi da farin ƙyalle ba. Shuɗin zane yake rufa masa, ya ce mai rai ba ya gwada likkafani. Da an kai makara bayan labule, Maliki ya diro ya zo ya gaida jama'a.

Da masu fim suka zo daga Birnin Kebbi, darakta ya ce kyamara ba ta son wasan yara, sai fari. Tamba ya ƙi ɗinkawa, aka karɓe aikin, aka bar masa ɗaukar makara. Ni na goyi bayan darakta. Na kira abin camfi, a gaban mutane. Aka naɗe Maliki da farin ƙyalle, aka ɗauki fim ɗin.

Bayan wata takwas ciwon ƙoda ya ɗauke Maliki. Ban ce ƙyallen ne ba, Tamba ma bai taɓa faɗa ba. Amma ba wanda ya ɗauki wasan dandali da kyamara, fim ɗin nan kaɗai ne inda ɗana yake motsi. Minti huɗu ya fito, uku a naɗe. Minti ɗaya nake kallo in kashe.

Bara na je shagon na ba shi haƙuri. Bai tsai da keke ba.

"Malam, ka kalli sauran," in ji shi. "Sadda munka ɗauko shi, dariya tana ci nai cikin ƙyallen. Har makara na rawa. Duba ƙahwa tai ta hagu."

Na koma gida Gwadangaji na kalli minti ukun a karon farko, sannan sau goma sha ɗaya, ina tsayarwa. Makara ba ta rawa. Duk inda ƙafar za ta fito, sun yanke sun sa fuskar sarki yana kuka.

Washegari Tamba ya kira, yana tambaya ko na gani. Na ce masa na gani.