Ni Na Haɗa Masa Ƙwayoyin a Sahur

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna haya a wani gidan yawa a Samaru. Ina da tsiwa, ina kuma da tsoron bakin mutane, kuma wannan tsoron shi ya cuce ni. Maigidana mai walda ne a Cikaji. Da aka gano yana da ciwon sukari, likita ya ɗora shi kan ƙwaya, ɗaya safe ɗaya yamma, ya ce kada ya ɗauki azumin shekarar, ya ciyar.

Shi ya yarda, ni ce na ƙi. Kwana biyu kacal na hura wuta da rana, matan gidan suka fara habaici a bakin famfo, wai wasu mazan girman jiki kawai gare su. Na faɗa ɗaki ina huci, na ce masa ya zubar mini da mutunci, tsohuwar ɗakin ƙofa ma tana azumi balle shi ƙato. Sai ya ce in tashe shi sahur. Nan na ƙara da tawa dabarar. Ban tambayi kowa ba, na haɗa masa ƙwayar safe da ta yamma ya haɗiye, wai don su riƙe shi har magariba. Abinci kuwa koko ba sukari da ƙosai biyu, ni a dole mai kula da marar lafiya.

Rana ta uku bayan azahar gumi ya karyo masa a wurin aiki, jikinsa na rawa, ya zube. Wani abokin aikinsa Kirista, wanda mahaifiyarsa ke da ciwon, ya ruga ya sayo lemon kwalba, yana roƙo a ba shi tun yana iya haɗiya, sukarinsa ne ya faɗi. Sauran suka tare shi, wai ba za a karya wa Musulmi azumi ba saura awa uku a sha ruwa. Suka tsaya fifita da tofi. Kafin a turo ɗan acaɓa ya ɗauko ni, kafin mu kai asibiti, ya yi nisa. Bai farfaɗo ba.

Na san kwana ne ya ƙare, amma har yau raina ƙuna yake. Matan nan su ne a gaba wajen gaisuwa, suna ce mini ya dace, ya tafi da azumi a bakinsa. Ji na yi kamar in shaƙe su, sai dai da wane bakin zan yi magana?

'Yan'uwana mata, Allah da ya wajabta azumi Shi ya yi wa marar lafiya rangwame, ba mu fi Shi sanin addininsa ba. Kada ki taɓa lokacin magani ko yawansa sai da izinin likita. In mai sukari ya fara gumi da rawar jiki, a ba shi abu mai zaƙi nan take, ko saura minti ɗaya a kira salla. Azumi ana rama shi, uban 'ya'ya ba a rama shi.