Takalmi a Gaban Dagaci

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ku yi haƙuri, ba lafiya ba ce.

Ina da ciwon suga, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba sai ranar da matata Hajara ta ga jini a tabarma. Ƙusa ce a tafin ƙafata, na wuni da ita ban ji ba.

Ciwon ya zama gyambo. Aka kwantar da ni a Gwarzo, kullum wankin ciwo, gwajin jini, allura. Na gadon kusa da ni aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Wallahi duk sanda likita ya kwance bandeji sai in tuna da shi.

Da aka sallame ni aka tura ni wani asibiti a Kano. Na taka wani abu kamar soso, sawuna ya fito, suka yi mini shimfiɗar cikin takalmi daidai ƙafata, da ɗan rami don kada nauyi ya sauka a kan ciwon. A tsadar nan, sai da tunkiyar Hajara ta tafi kasuwa.

Wata guda, ciwo sai faɗi yake ƙarawa.

Likita ya ce, "Malam, kana sawa kuwa?"

Na ce kullum.

"Awa nawa a rana?"

Ni magatakardan dagacinmu ne a ƙasar Kabo. Tun daga gindin darbejiyar ƙofar gidansa ake tuɓe takalmi, a taka tsakuwa har zaure. A gindin bishiyar takalmina yake wuni, ni ina kai da kawowa ƙafa ba komai.

Ya ce, "Sati uku. In bai fara haɗewa ba, sai maganar yankewa."

Washegari na tsaya a gindin darbejiyar da takalmina a ƙafa. Mahaifina ma bai taɓa wuce nan da takalmi ba. Na durƙusa daga nesa, na faɗa wa dagaci komai a gaban jama'a.

Ya ce, "Haba! Saboda ni za ka rasa ƙafa, ka yi mini shiru? Shigo da abinka."

Na shiga, kaina a ƙasa.

A wata na uku ciwo ya rufe. Alhamdulillahi. Hajara, likitoci, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Masu suga, ku riƙa duba tafin ƙafarku kowace safiya. In an yi muku shimfiɗa, kada ku taka ƙasa babu ita. Wanda kuke jin nauyinsa, ku gaya masa tun da wuri. Maganar minti biyu ce, ni kuwa na kusa ba da ƙafata don kada in yi ta.