Faifan da Na Fasa da Hannuna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Attahiru, kuma na fi shekara biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yi wannan rubutu. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su ga kuskurena. Amma babban abin da ya riƙe ni shi ne, ba zan iya ba da labarinsa ba sai na tona laifina.

Attahiru ne ya kafa ɗan kamfaninmu na fim a Tambuwal, a wani shago bayan tasha. Kyamara ɗaya ce, kwamfuta ɗaya, da babura biyu na ɗaukar kaya. Shi ne darakta, shi ne mai ɗauka. Ni kuwa, Ladan, aikina kula da daidaiton fitowa. Littafi gare ni da nake rubuta hular da ɗan wasa ya sa, da hannun da ya riƙe sanda, da inda inuwa take lokacin da aka tsaya, don idan an dawo bayan kwana uku a ɗora daga nan. Attahiru yakan ce ya ba ni aikin ne domin ni kaɗai ya sani da ke komawa sau uku ya duba ƙofar da ya kulle.

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki bukukuwan rabin garin nan bai yarda a juya masa kyamara ba. In ka matsa masa sai ya ce wurinsa baya ne. Katin ɗaukarmu biyu ne kacal, don haka da an gama tace fim sai a goge su a sake aiki. Duk "a fara" da "a tsaya" da ya yi ta faɗa shekara da shekaru, da kanmu muka share su, ba mu ɗauke su bakin komai ba.

Fim ɗinmu na ƙarshe, Rijiyar Kawu Labbo, a Fakku muka ɗauke shi, cikin ƙasar Kebbe. Akwai fitowar da tsohon da ya fito a Kawu Labbo ke zaune a bakin rijiya yana kukan ɗansa, ya cire hularsa ya ɗora a kan kwamin shayar da dabbobi. Wani makiyayi ya ara mana shanu don su cika bayan hoton. Tsohon yana tsakar kuka, sai wani bijimi ya miƙo wuya ya ɗauke hular ya shiga taunawa. Attahiru ya bar kyamara tana aiki, ya faɗo cikin hoton da malfarsa, ya kama ƙahon bijimin, dariya ta hana shi ja. Ya waiwayo inda nake ya ce, "Ladan, rubuta ga littahinka, hula tana cikin sa!"

Mai tace mana fim ya manta bai yanke wurin ba, ko kuma da gangan ya bari, har yau bai faɗa mini gaskiya ba. Sai da aka buga kashin farko aka raba wa 'yan kasuwa sannan na gani. Na rasa sukuni. Fim na baƙin ciki, ga darakta yana kokawa da sa, ga kuma hular da aka cinye ta dawo kan tsohon a fitowa ta gaba. Attahiru ya ce a bar shi, mutanen ƙauye ma suna son su dara. Na ce za a ce 'yan Tambuwal ba su iya aiki ba. Kwana uku ina binsa da maganar, har masallaci. Daga ƙarshe ya gaji ya ce, "Yi abin da kaka so, Malam mai littahi, in dai za ka bar ni in ci tuwo."

Aka yanke, aka sake bugawa. Na hau babur na bi kasuwar Tambuwal, da Sanyinna, da Kebbe, ina karɓar tsofaffin faifan ina ba da sababbi. Na dawo da su bayan shago na farfasa su ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ɗauka. Akwai waɗanda an riga an sayar, ban samu ba. Waɗannan sun daɗe suna damuna, duk wanda ya yi mini murmushi a hanya sai in ɗauka ya ga kuskurenmu ne.

Wata biyar bayan haka Attahiru ya kwanta ciwo, mako biyu Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Luba da jaririya, Nana. Kamfanin bai yi shekara ba ya watse, kwamfutar ta mutu da abin da ke cikinta, ni kuma na koma gona.

Yanzu idan na zauna a tasha ina kallon matasa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar fuskarsa, nakan tambayi kaina me Attahiru zai ce. Ina jin da farko zai yi tsaki, ya ce sun ba rana baya, ba su san haske ba. Daga baya kuma zai karɓi wayar ya gwada musu. Na kuma lura masu fim na yanzu sukan tara kurakuransu su sake su daban, mutane su yi ta kallo fiye da fim ɗin kansa. Da yana nan da ya same ni har gona don ya tuna mini wa ya fara faɗa. Wannan tsiyar tasa ce na fi kewa. Tun da ya tafi babu wanda ya ƙara kirana mai littahi, kuma babu wanda ke iya sa ni in yi wa damuwata dariya.

Shekara biyu da suka wuce na kai wa Luba gero bayan girbi. Nana ta kawo mini ruwa, ta tsaya ba ta tafi ba. Hoton ubanta ɗaya ta sani, na katin shaida, wanda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Ta ce uwarta ta gaya mata ni ne na fi kowa zama da shi. Sannan ta ce, "Baffa, ƙaƙa muryatai take? An ce yana da dariya."

Na ce mata zan nemo mata faifan da muryarsa ke ciki. Na bi gidajen da ya ɗaukar wa biki, na kalli abin da ya rage a hannunsu. A ɗaya na ji tari a bayan kyamara, amma ba zan rantse nasa ne ba, kuma ba zan ba marainiya tarin wani in ce na ubanta ne ba. Wuri ɗaya tak na sani a duniya da fuskarsa da muryarsa da dariyarsa suka haɗu, shi ne wanda na bi kasuwa uku na farfasa. Garin neman gira na rasa ido. Ban taɓa gaya wa Luba ba sai makon jiya, don kada ta fara ji a jarida. Ta ce ai aikina na yi. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

In an auna abin da ya rage na Attahiru, ba kaɗan ba ne. Aure da suna na gidaje da yawa suna nan saboda shi, iyayen wasu da suka rasu suna motsi a faifai saboda shi. Littafina ma yana nan, da hular kowa da sandar kowa. Na duba shi shafi-shafi, ban rubuta ko rigar da shi ya sa ba.

Don haka nake roƙon masu karatu, musamman na Kebbe, Fakku, Sanyinna da ƙauyukan da ke cin kasuwanninsu. Wanda ya taɓa sayen Rijiyar Kawu Labbo ya taimaka ya duba ƙasan akwati ko cikin tsofaffin kwanoni. Kashin farko da jan alƙalami aka rubuta sunan a jikin faifan, na biyu da shuɗi. Rubutuna ne, ba shi da kyau. Ko ya karce kada a wanke shi, kada a goge shi da tsumma, a aiko da labari ta hannun editan wannan shafi, zan zo da kaina ko ina ne. Wanda kuma ya san wanda ya taɓa ba da labarin fim ɗin da sa ya cinye hula, shi ma ya sanar da ni.

Allah ya jiƙan Attahiru, ya sa ya huta. Nana ta shiga shekara ta goma sha biyu, kuma duk zuwan da na yi takan dubi hannuna kafin ta dubi fuskata.