Jar Ƙasar Matoyar Sailuba

Duk wanda ya sha ruwan randa a Maje shekaru talatin da suka wuce, da wuya in ba hannun Sailuba ne ya gina randar ba. Ginin tukwane ba gadon gidansu ba ne. Wajen wata maƙwabciyarta Bagwariya ta koya tun tana amarya, mutane na yi mata dariya, wai 'yar cikin garin Suleja ce da laka har gwiwar hannu.

Ranar toyi kuwa biki ce. Mata su jera tukwane a matoya, filin nan na bayan gidanta, a lulluɓe su da kara da ciyawa a cinna wuta, hayaƙi ya turnuƙe har masu tafiya Diko su hango. Ana gasa rogo a gefe, ana gulmar mazaje. Yau roba ta kori randa, ƙawayen sun watse, gwiwoyin Sailuba sun ƙi, shekara goma sha biyu ke nan rabon matoyar da wuta. Takan zauna ta zuba mata ido, kewa ta cika mata ciki.

Sai masu gina rukunin gidaje suka sayi filin, suka ce katafila za ta shigo ranar Litinin. Autarta Sumayya, wadda ke bincike a jami'a kan ƙananan ƙwayoyin tsatsar ƙarfe da yadda suke amsa maganaɗisu, ta bugo waya.

"Inna, jar ƙasar matoyarki nake so. Zan zo Lahadi in ɗebi samfur kafin su rushe ta. Da sunanki za ta shiga littafina."

Daɗi ya kashe Sailuba. Ashe dai matoyar ba za ta tafi haka kawai ba. Amma ita da ba ta taɓa bai wa kowa ƙasa da tsakuwa a ciki ba, yaya za ta bar 'yarta ta kai tarkace jami'a? Ranar Asabar ta ɗauki fartanya, ta manta da ciwon gwiwa, ta ɓamɓare ƙonannen daɓen kakaf. Ta daka a turmi, ta tankaɗe har sau biyu, ta cika kwanoni uku da gari mai laushi kamar na tuwo.

Sumayya ta iso da kamfas mai nuna arewa da ɗan zarto. Ta dubi ramin, ta dubi kwanonin, ta tsaya cak.

"Na hutar da ke," in ji Sailuba, tana washe baki.

"Inna," Sumayya ta ce a hankali, "duk sanda wuta ta huce, ƙwayoyin tsatsar da ke cikin ƙasar nan kan daskare suna fuskantar inda maganaɗisun duniya ya nufa a ranar. Shi na zo aunawa. Sai an yanko daɓen yadda yake, an yi masa alamar arewa."

"To, yanzu fa?"

"An daka shi, Inna. Kowace ƙwaya ta juya nata wuri."

Sailuba ta sa hannu cikin garin, ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. Shekara goma sha biyu ƙasar nan tana riƙe da ranar toyinta na ƙarshe, ita ba ta sani ba.

Ranar Litinin katafila ta zo da rugugi, ba ta tarar da abin rushewa ba. Mai matoyar ta riga ta.